Tsohon Gidan Mai da Gilashin Baba

Shekarar da idon Baba ya fara mutuwa, mota muka yi wa magani. Baba direban tasi ne, kuma a gidanmu duk abin da ya same shi motar ake fara tuhuma. In ya yi tari, Mma ta ce hayaƙin salansa ne. In ya tashi da ciwon baya, kujera ce ta lotsa. Saboda haka da ya fara ƙorafin gilashin gaba ba ya fita, sai kowa ya juya ya dubi gilashi. Ba wanda ya so ya dubi mai kallo ta cikinsa. Direban da ba ya gani ya gama tuƙi, mu kuwa ba mu taɓa sanin wani Baba da ba ya tuƙi ba. Ni ina jin da sitiyari a hannu aka haife shi, ungozoma ta sha wuya.

Amma kafin maganar gilashi akwai gidan mai.

Yana kan hanyar da ta fita daga Zango, unguwarmu a Kumasi, ta nufi Krofrom. Rumfar kwano ce a kan ƙarafa, da ɗan ɗaki a baya, da famfon fetur, da na dizal, sai na kananzir can gefe shi kaɗai kamar wanda aka yi wa horo. Na sha rantse wa 'yan ajinmu cewa a nan motar farko da ta shigo Kumasi ta sha mai, kuma tun ranar ba a sake fenti ba. Lambobin famfon juyawa suke yi suna ƙas-ƙas kamar tsohuwa na tauna goro. In wuta ta ɗauke ba a fasa sayar da mai, akwai wani hannun ƙarfe da ake sa wa famfon a ciki a yi ta murzawa kamar ana niƙan barkono.

Mai murzawar shi ne Kawu. Ba kawun kowa ba ne, amma duk Zango haka ake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Bazabarme ne, ya zo daga Nijar tun yana saurayi, bai koma ba. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa ta sama, kullum cikin kaki mai karin guga da zai iya yanka burodi. A kafaɗarsa ta dama tsumman gilashi, a ta hagu tsumman baƙin mai, kuma duk tsawon rayuwarsa tsummokaran nan ba su taɓa gaisawa ba.

Kowace safiya Baba ne ke kai ni makaranta, kuma kowace safiya sai mun bi ta wurin Kawu, ko da tanki a cike yake. Ana tsayawa za a fara gaisuwa, a tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi Mma, a tambayi ƙafar kakata, a tambayi akuyar da muka yanka tun sallar bara. Kawu yana gaisuwa yana aiki. Ya sa bakin tiyo a tanki, ya zagayo ya buɗe bonet, ya zaro geji ya goge ya mayar, ya sake zarowa ya ɗaga shi sama yana kallo kamar mai duban wata. Ya ɗauko wata tsohuwar buta mai dogon baki ya ƙara wa lagireto ruwa. Ya leƙa batir. Ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana danna su da babban yatsa. Ya leƙo ta taga ya dubi allurar mai da ta zafi ya faɗa wa Baba inda suke. Gilashi shi ne na ƙarshe: ruwan sabulu, tsumma, sannan tsohuwar jarida, har sai ya yi ƙara a ƙarƙashin hannunsa. Baba kuwa yana zaune kamar an naɗa shi, hannu ɗaya a waje, ko ƙafa ba ya saukewa.

Ni ma ban tsira ba. In ya gama da mota sai ya zagayo ɓangarena ya ce, "Hajiya, a buɗe bonet." In wage baki. Ya leƙa ya girgiza kai ya ce ruwana ya yi ƙasa, ya miƙo mini ruwan randa a kofin roba. Ya dubi takalmana ya ce tayar baya ta kusa sacewa, a gaya wa direba. In da sauran koko a gefen bakina ya nuna mini wurin da yatsa, ya ce ba ya sakin mota da datti. Daga nan sai ya buga rufin motar da tafin hannu, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Sai Baba ya ji wannan bugun yake tayar da mota. Ko shugaban ƙasa ne a baya yana oda, sai ya jira.

Sai yanzu nake lissafa cewa shekara da shekaru Baba bai taɓa buƙatar kallon wani abu ƙarami ba. Geji, allura, layin ruwa, ƙusa a taya, duk idon Kawu ne. Ban sani ba ko Kawu ya lura da wani abu ya yi shiru. Na dai tuna a shekarunsa na ƙarshe yakan daɗe a kan gilashin ɓangaren direba fiye da da, kuma in zai sallame mu yakan ƙara da cewa, "Direba, a hankali da kwana."

Sababbin gidajen mai suka fara tsirowa a gari kamar naman kaza, masu fitilu da shago mai sanyi a ciki. Can ma akwai mai zuba maka, amma tambaya ɗaya ce, na nawa, kuma ana yin ta ne ido na kan waya. Mai gidan man Kawu ya rasu, 'ya'yansa suna ƙasashen waje, ba wanda ya ƙara aiko da tankar mai. Fetur ya ƙare, dizal ya ƙare, kananzir ya ɗan ja sannan shi ma ya bi su. Kawu bai daina zuwa ba. Yakan sa kakinsa ya tsaya a rumfar, tsofaffin direbobi su biyo ya duba musu ruwa ya goge gilashi, su wuce su sha mai a gaba. Da damina ta yi nisa ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Baba na cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Ya dawo gida da jar ƙasa a gwiwar wandonsa, ya zauna a cikin mota a ƙofar gida har aka kira la'asar.

Ba a daɗe ba ƙorafi ya fara. Baba ya ce tun da Kawu ya tafi ba a sake goge gilashi a Kumasi ba. Yaran da ke tare motoci a danja ruwan kwata suke shafawa. Sai aka naɗa ni. Na goge da sabulun wanki, na goge da lemon tsami, na goge da jarida, na goge da tsohon zanen Mma, na hura masa numfashi har na ga jiri. Gilashin nan ya fita har wata rana tsuntsu ya yi karo da shi, wani fasinja kuma ya nemi ya tofar da yawu ta ciki. Baba zai shigo ya zauna, ya tura kai gaba, ya ƙanƙance ido, ya ce kamar an shafa masa koko. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya yi mini faɗa sosai. Sai dai ya ce, "Uwata, hannunki bai kai ba tukuna."

Ya je ya sa aka cire gilashin gaba ɗaya aka sa sabo. Ya dawo ya ce jabu suka sa masa.

Daga nan ne ya koma bi ta tsohon gidan man. Ya ce a can kaɗai gilashin ke ɗan fita, wataƙila don inuwar rumfar. Wurin ya riga ya mutu. Ciyawa ta fasa siminti, an ɓalle ƙofar ɗakin baya, ƙadangaru sun gaji ofis. Amma warin fetur bai tafi ba, yana tasowa daga ƙasa in rana ta fara zafi, kamar wurin yana numfashi a cikin barci. Baba zai tsaya daidai inda ya saba tsayawa, ya kashe mota, ya fitar da hannu ta taga. Ni in sauka in goge.

Wata safiya ina cikin gugar sai na ji ya yi sallama. Na waiga ban ga kowa ba. Ya ce ina kwana, ya dakata. Ya ce lafiya lau, ya dakata. Ya ce tana nan lafiya, ƙafar dai da sauƙi. Yana barin daidai tazarar da mutum zai amsa. Na bi inda yake kallo. Famfon kananzir ne. Wani ya ɗaura masa buhu mai ruwan ƙasa a kai don ruwan sama, buhun ya sauko har tsakiya, tiyon ya rataye ta gefe kamar an ɗora tsumma a kafaɗa. Dogo, siriri, ya ɗan ranƙwafa ta sama.

Dariya ta taso mini, ta zo maƙogwaro ta tsaya. Na shiga mota na rufe ƙofa. Baba bai tayar ba. Muka zauna, ƙadangare yana kallonmu yana gyaɗa kai. Can sai rufin motar ya yi wani ɗum a saman kaina. Na san kwanon mota yana yin haka in zafi ya taɓa shi, malamin kimiyya ya faɗa mana, na ma ci tambayar a jarrabawa. Amma Baba ya ce amin, ya murza makulli. Da muka hau titi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ya rame."

A makaranta na ba da labarin da ƙari. Na ce fatalwar tana da ido kamar fitilar tirela, tana shan dizal da kofi, ta tambaye ni ko na yi aikin gida. 'Yan aji suka yi ta dariya, wata ta ce in kawo mata kananzir ɗin lahira. Na fi son wannan labarin da na gaskiyar. A na gaskiyar ba abin da ya faru, mahaifina ne kawai yake gaisawa da famfo cikin ladabi, kowace safiya, yana jiran amsa.

Da na gaya wa Mma tana tuƙa tuwo, muciyar ta tsaya cak. Ta tambaye ni ko ya taɓa yin haka a wani wuri, na ce a'a. Ta tambaye ni ko yana ganin hanya. Kafin in amsa ta amsa wa kanta, ta ce yana gani mana, mutumin da ya zura mata zare a allura ranar da aka kai lefenta. Ta ce abin a motar yake, wani abu ya biyo ta daga maƙabarta ya zauna a kan gilashi. Ina ganin Mma ta zaɓi aljani ne da gangan. Aljani ana roƙonsa ya fita.

Ta je wurin malamin layinmu. Malam ya ba ta rubutu a gora, ya ce maigida ya sha ya shafa a fuska, kuma a haɗa da zuwa asibiti a duba. Mma ta riƙe gorar da kyau, sauran maganar ta bar ta a zauren malam. To, wa zai ce wa Baba ga magani, alhali shi bai ce ba shi da lafiya ba? Sai ta tsiyaya kaɗan a shayinsa, ya sha ya ce madarar nan ta kusa lalacewa. Ragowar kuwa, tunda ciwon a gilashi yake, ta ce in zuba a tulun ruwan waifa.

Na zuba da sassafe. Muna kaiwa wajen kasuwa Baba ya danna. Ruwan tawada ya feso, waifa ta shafe shi daga wannan gefe zuwa wancan. Gilashin da na kwana biyu ina wa hidima ya koma kamar allon makaranta, baƙi-baƙi da zane-zane. Ni da idona biyu lafiyayyu ban ga komai ba sai inuwar mutane. Na riƙe kujera ina jiran tsawa.

Baba ya tura kai gaba, ya ƙanƙance ido. Ya ce, "Kin gani? Yau ya ɗan fita."

Bai rage gudu ba. Ya kauce wa ramin da ke gaban masu nama, ya yi oda a kwanar da ake yin oda, ya tsaya a inda 'yan makaranta ke tsallakawa ko da ba kowa. A ranar na gane da me yake tuƙi. Ya haddace Kumasi ne. Kowane rami yana nan a ƙugunsa, kowace kwana a kafaɗarsa, sauran kuma kunne. Duk abin da ya kasance a wurinsa jiya, Baba ya san shi. Abin da aka ajiye yau ne ba shi da labari.

Na gwada faɗa. A Zango yarinya ba ta kallon mahaifinta ta ce masa idonka ya mutu, sai na bi ta gefe. Na nuna wani allon talla mai haruffa manya kamar ƙofar gida na ce ya karanta mini. Ya ce don me yake kai ni makaranta. Sai na koma yi masa surutu, wanda da ma shi ne sana'ata. Baba dubi akuyar can. Baba mai waakye, mai shinkafa da waken nan, ta matso da teburinta yau. Baba wancan mai baro ko kunya ba ya ji. Yana jina yana taka birki, yana cewa na cika magana. Haka muke isa makaranta lafiya. Amma ni safiya kawai nake da ita. In ya sauke ni ya juya, sauran yinin shi kaɗai ne da fasinjojin da ba su san komai ba. Ina zaune a aji, duk motar asibitin da ta wuce da jiniya sai alƙalamina ya tsaya. Da yamma Mma takan fito ƙofar gida wai tana tsince shinkafa, tire ɗaya tana tsincewa har sai ta ji ƙarar injinsa ya shigo layi.

Ranar da abin ya ƙare Asabar ce. Ya biyo ya ɗauke ni daga islamiyya bayan azahar, abin da bai saba ba. Rana ta take, titi yana ƙyalli, ko karnuka sun shige ƙarƙashin teburori. Muna zuwa daidai gidan man ya karya sitiyari ya shiga. Ya ce yau da safe bai samu ya gaida Kawu ba.

Akwai mutum a wurin. Wani mai tallan takalma ne, baƙo, ya jingine kayansa a jikin ƙarfe, ya shimfiɗa kwali daidai inda Baba ke tsayawa, yana salla. Yana cikin sujada, rigarsa launin simintin da mai ya jiƙa. Baba kuwa kansa na sama, ya riga ya ɗaga hannu yana yi wa famfon kananzir sallama, motar tana gangarawa a hankali kamar kullum.

Ni da ake cewa ko a barci ina magana, na buɗe baki ba abin da ya fito. Na kama birkin hannu da hannu biyu na ja har wuyan hannuna ya yi ƙara. Motar ta yi tsalle ta mutu. Wannan shi ne abin da na sani. Baba kuwa har yau cewa yake shi ya taka birki, don Kawu ya ɗaga masa tafin hannu, abin da bai taɓa yi ba. Ba mu daidaita ba, kuma na daina gardama.

Bamba ta riga ta hau kan kwalin. Daga inda nake ba na ganin kan mutumin, sai bayansa da tafin ƙafafunsa. Bai motsa ba. Na ɗauka mun taka shi. Sai na ga bayan ya ɗago a hankali, ya zauna, ya sake komawa sujada, goshinsa a ƙarƙashin lambar motarmu. Bai yanke sallarsa ba. Zafin injin yana kaɗa masa riga.

Baba ya yi ƙasa da murya ya tambaye ni me ya sa Kawu ya tsayar da shi. Muka zauna, injin yana ƙis-ƙis yana hucewa, warin fetur yana tasowa daga ƙasa. Mutumin ya yi tahiya, ya yi sallama dama da hagu, ya shafa addu'a. Sannan ya miƙe tsaye a gaban bonet. A wurin Baba, daga cikin ƙasa ya fito. Na ji yana neman tsari.

Mutumin ya sa takalmansa, ya zagayo tagar direba, ya sunkuyo. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon fuskar Baba.

Ya ce, "Alhaji, ba ka gan ni ba, ko?"

Baba ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Gilashin ne."

Mutumin ya ce, "Yanzu babu gilashi tsakanina da kai. Wane launi ne hulata?"

Baba ya dube shi, ya yi ta dubansa. Mutumin ba shi da hula.

Mutumin ya ce haka idon mahaifiyarsa ya yi fari kafin a kai ta asibiti, ya yi wa Baba addu'ar samun sauƙi, ya janye kwalinsa daga ƙarƙashin mota, ya ɗauki kayansa ya tafi. Ban sake ganinsa ba. Baba ya buɗe ƙofa ya sauka, karo na farko da na ga ƙafarsa ta taɓa simintin wurin. Bai waiwayi famfo ba. Ya bar makulli a jiki, ni na zare. Muka taka zuwa gida a cikin ranar nan, yana riƙe da igiyar jakata, mutane suna tambaya ko mota ta lalace, yana cewa e.

Asibitin idon yana wajen Sofoline. Likitar ta haska, ta auna, ta sa shi ya kalli haruffa, ya ce mata bai zo karatu ba. Ta ce idon dama farar yana ce ta rufe shi, za a iya cirewa. Na hagu kuwa ya daɗe da tafiya, jijiyar ta mutu daga ciki, ba abin da za a yi. Ko bayan aiki, ta ce, ba zai ƙara ɗaukar fasinja ba. Baba ya tambaya ko da safe kawai. Ta ce a'a. Ya tambaya ko cikin unguwa kawai, inda ya sani. Ta ajiye alƙalaminta ta ce, "Baba, yara ba sa tsayawa inda ka san su."

Wani saurayi daga Atonsu ya ɗauki motar. Ranar da ya zo Baba ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, amma da yaron ya tayar ya sa giya, muka ji murya ta cikin bango tana cewa a taka kuloci sosai, ba a yi mata haka.

Aka yi aiki, aka cire bandeji. Abu na farko da ya gani ni ce. Ya dube ni sama da ƙasa ya tambaya yaushe na yi waɗannan ƙurajen, kuma wa ya ba ni izinin yin tsawo. Mma ta fita waje wai za ta nemo ruwa. Gidan man kuwa bai ƙara bi ta wajen ba, ko a ƙafa. An kewaye shi da kwano yanzu, an ce za a yi shaguna. Na taɓa leƙawa ta wata ɓula, na ga an tumɓuke famfunan, sai ramuka. Ban gaya masa ba, shi ma bai tambaya ba.

Da lokacin komawa asibiti ya yi ba a samu mai kai mu ba, sai trotro, ƙaramar bas ta haya. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin Baba a kujerar baya ba. Ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Yaron motar ya ce masa tsoho matsa ciki, ya matsa, aka haɗa shi da wata mata mai kwandon kifi. Tun a tasha ya ja mini kunne, ya ce kada in buɗe baki, ya san inda za mu sauka tun kafin a haifi direban nan, shi zai yi magana.

Fasinja in zai sauka cewa yake "mesi ha", wato a nan zan sauka, ko ya ƙwanƙwasa jikin mota. Baba ya ji kalmar nan daga bayansa sau ba adadi. Bai taɓa faɗinta ba.

Muka taho. Ina kallon ƙafarsa ta dama. Duk inda ya kamata a rage gudu sai ta danna ƙasan motar, duk inda hanya ta buɗe sai ta ɗaga. Hannunsa na kan gwiwa yana sa giyar da babu. Muka iso Sofoline, ga masu kaya a bakin titi, ga kwanar asibitin tana matsowa. Ƙafar ta danna. Ta ƙara dannawa har takalmin ya lanƙwashe. Na ga leɓensa ya motsa, ya buɗe baki, ya rufe. Kwanar ta zo ta wuce ta tagarmu.

Ya san mun wuce. Na san ya sani. Na cije harshena, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Motar ta miƙa hanyar Sunyani, gidaje suka fara raguwa, ƙafarsa tana nan danne a ƙasa. Sai can da nisa mai kifin ta ƙwanƙwasa ta ce za ta sauka. Baba ya tashi don ya ba ta hanya, ya sauko, ni ma na biyo shi. Motar ta tafi ta bar mu a bakin titi, mu da kwandon kifi.

Ya gyara rigarsa, ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya dubi hanyar da muka fito. Ya ce direban nan ba shi da hannu ko kaɗan. Sannan ya ce in wuce gaba, ta gefen da motoci ke tahowa, muka fara takawa.